Allurar ƙashin baya a Amurka: wace lamba ake sa wa mai ba da maganin barci? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyin daga 'yan'uwanmu suke fitowa, masu aikin haɗa bil na asibitocin Amurka da masu koyon aikin, musamman waɗanda aka ba su takardun asibitin ciwon baya. Na tattara waɗanda suka fi yawan dawowa. Duk maganar a kan tsarin Amurka ce, wato lambobin CPT da ƙungiyar likitoci ta AMA ke fitarwa duk shekara, da dokokin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, da na kamfanonin inshora.

Wai lambobi nawa ne na allurar baya, me ya sa suke rikita mutum haka?

Abin da ke rikita mutane shi ne bil biyu ake yi a kan allura ɗaya. Likitan da ya soka allurar yana da lambarsa, misali 62323 ko 64483 ko 64493, shi kuma wanda ya ba da maganin barci ya zauna yana kula da numfashi da bugun zuciyar mara lafiya yana da tasa daban, wadda ke cikin jerin 00100 zuwa 01999. Kai da kake yi wa mai maganin barci bil, ba ruwanka da sa 62323 a takardarka, amma dole ka san ta, don ita ce za ta nuna maka hanya.

Na maganin barcin da za ka riƙa cin karo da su takwas ne. 01991 da 01992 na allurar toshe jijiya ne da sauran allurai idan wani likita daban ne ya yi allurar, 01992 in mara lafiya na kwance rub da ciki, 01991 in ba haka yake ba. Sai shida ɗin da suka shigo a 2022: 01937 da 01938 na allura ko zuƙo ruwa a ƙashin baya ana kallo ta na'urar hoto, 01939 da 01940 na kashe jijiya, 01941 da 01942 na sa wayar lantarki mai rage zafi ko aiki a cikin ƙashin kansa. A kowace biyu daga cikin shidan nan, ta farko ta wuya ce da tsakiyar baya, ta biyu kuma ta kugu zuwa ƙasa. In ka riƙe wannan tsarin na sama da ƙasa ka rage rabin wahala.

A ofis ɗinmu har yanzu ina ganin 01936 a tsohuwar takardar da ake dubawa. In ci gaba da sa ta?

A'a. An goge 01935 da 01936 tun 1 ga Janairun 2022, duk aikin da aka yi daga ranar zuwa yau in ka sa su dawowa zai yi. A da ana raba su ne da cewa gwaji ne ko magani, yanzu an daina wannan, ana duba irin aikin da kuma wurin. Ki gaya wa shugabar sashenku a cire takardar nan daga bango.

To ga babbar tambayar: allurar efidural (wadda ake yi a sararin da ke kewaye da laka) a kugu, ana kallo ta hoto, mara lafiya rub da ciki. 01992 ko 01938?

Nan ne ake ta jayayya, kuma gaskiya jayayyar tana da dalili, don in ka karanta bayanin lambobin biyu za ka ga kowace ta hau kan aikin. 01938 ta ce allura ta fata, da hoto, a ƙashin baya, kugu. 01992 ta ce allura, wani ne ya yi, rub da ciki. Duk gaskiya ne a kan mutum ɗaya. Bambancin da ke jan hankalin mutane shi ne 01992 tana da yunit 5 na tushe (makin da ake lissafa kuɗin aiki da shi), 01938 kuma 4, sai ka ga ofis ya karkata ga 01992 ba don komai ba sai don wannan yunit ɗayan, kuma wallahi wannan shi ne abin da nake roƙon ku kada ku yi, don ranar da mai bincike ya tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan lambar, "ta fi kuɗi" ba amsa ba ce da za ka iya faɗa.

Ga yadda nake bi. Na farko in duba ko kamfanin inshorar yana da rubutacciyar doka a kan wannan, in yana da ita magana ta ƙare, shi ke biya. In babu, in ɗauki lambar likitan da ya yi allurar in buɗe Crosswalk, littafin da ke haɗa lambar aiki da lambar maganin barci, na ƙungiyar likitocin maganin barci ta ASA, na shekarar da aka yi aikin ba na bara ba, in ga wace lamba ya haɗa ta da ita. Wani lokaci zai ba ka ta farko da kuma wata ta madadi, to a nan ne za ka koma ga abin da aka rubuta a fayil. Bayan haka ofis ya zauna ya rubuta matsayarsa a takarda, kowa ya bi, kar ya zama ke kina sa 01938 ta kusa da ke tana sa 01992 a kan aiki iri ɗaya na likita ɗaya.

Akwai wuraren da babu jayayya ko kaɗan. In ba a yi amfani da hoto ba, kamar 62322, to 01938 ta fita, don hoto sharaɗi ne a cikinta. In kuma allurar ba a ƙashin baya take ba, misali jijiyar ƙeya ko ta gwiwa, nan ma 01937 da 01938 ba su shigo ba, 01991 ko 01992 ne gwargwadon kwanciya. Allurar gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da ƙashin ƙugu, 27096, ita ma kar ka yi saurin yanke mata hukunci da ka, buɗe littafin ka duba.

Ba a rubuta yadda aka kwantar da shi ba, amma kowa ya san rub da ciki ake yin wannan allurar. Ba zan sa 01992 kawai ba?

Kowa ya sani ba rubutu ba ne. Ana yin efidural a zaune, ana yi a kwance ta gefe, musamman ga mai ƙiba ko wanda numfashi ke masa wuya. Duba takardar maganin barcin, duba rahoton likitan da ya yi aikin, duba na nas, sau da yawa yana ɗaya daga ciki. In babu ko'ina tura tambaya ga wanda ya ba da maganin ya ƙara bayani da kwanan wata da sa hannunsa. Kada kai ka cike masa.

Likitanmu shi ke yin allurar kuma shi ke ba da umarnin maganin kwantar da hankali. Wace lambar maganin barci zan sa masa?

Babu. Mutum ɗaya ba ya karɓar kuɗin aiki sannan ya karɓi na maganin barci na wannan aikin, kuma 01991 da 01992 ma a cikin bayaninsu an faɗa ƙarara cewa sai in wani ne daban ya yi allurar. Abin da zai iya nema shi ne matsakaicin kwantar da hankali, 99152 na minti 15 na farko ga mai shekara 5 zuwa sama, 99151 ga yaro ƙasa da 5, 99153 na ƙarin kowane minti 15. Shi ma da sharuɗɗansa: a samu wani horarre da ke tsaye yana lura da mara lafiya ba ya wani aikin, a rubuta lokaci, kuma in bai kai minti 10 ba ba a nema. Allurar kashe zafi ta fata da ake yi kafin a soka babbar, wannan tana cikin kuɗin aikin, ba a ware ta.

In wani likita ne daban ya ba da maganin fa, kullum 019 ɗin nan ne?

Ba kullum ba. In abin da ya yi matsakaicin kwantar da hankali ne, mara lafiya na amsa magana, to 99155 zuwa 99157 ne. Lambar maganin barci tana shigowa ne in aikin na ƙwararren maganin barci ne da gaske, ya duba mara lafiya kafin a fara, ya zauna yana lura a shirye yake ya zurfafa barcin ko ya ceto numfashi in abu ya ɓaci, ya kuma duba shi bayan an gama. Wannan shi ake kira MAC, kuma sai ka ga waɗannan abubuwa uku a rubuce. Ba a haɗa lambar maganin barci da ta kwantar da hankali a zama ɗaya.

Ƙona jijiya da sa siminti a ƙashi fa?

Waɗannan sun fi sauƙi. Ƙona jijiyoyin ƙananan gaɓoɓin baya, 64633 a sama ko 64635 a kugu, suna tafiya da 01939 da 01940, yunit 4. Zuba siminti a ƙashin da ya karye, su 22510 da 22511 da 22513 da 22514, da sa wayar gwaji ta fata 63650, suna ƙarƙashin 01941 da 01942, waɗanda Medicare ta ba yunit 5. Abin lura a kan wayar shi ne wurin da za ka ɗauka, sama ko ƙasa, karanta rahoton sosai ka ga inda aka yi aikin, in bai fito ba ka tambaya.

An yi masa a wuya da kugu a zama ɗaya, in sa lamba biyu?

Ɗaya tak. Ka ɗauki wadda ta fi yunit na tushe, ka haɗa dukan lokacin a kanta. Haka in likita ya yi matakai uku ya sa 64493 da 64494 da 64495, kai naka bai ƙaru ba sai ta wajen mintuna. Sai iyakar nan ta T12 da L1, inda ƙashin tsakiyar baya ya haɗu da na kugu, da ke rikita sababbi: a wajen likitan allura CPT ta ce a lissafa ta da na sama, 64490 ko 64479 ko 64633, don haka ka duba lambarka ta dace da tasa, kar shi ya ce tsakiyar baya kai ka ce kugu, kwamfutar inshora tana kama irin wannan.

Yaya ake lissafa kuɗin?

Yunit na tushe a haɗa da yunit na lokaci, a ninka da farashin yunit ɗaya. A Medicare minti 15 shi ne yunit ɗaya, kai dai mintuna kake rubutawa a takardar bil ta CMS-1500 su za su raba. Farashin yunit a Medicare dala 20 ne da 'yan kai, yana ɗan bambanta daga yanki zuwa yanki, na kamfanoni masu zaman kansu kuma yawanci ya fi haka nesa. Misali minti 23 ya zama yunit 1.5, a 01992 ka samu 6.5, kusan dala 130 ke nan, a 01938 ka samu 5.5 wajen dala 110, a 01991 mai yunit 3 kuma 4.5 wajen dala 90. Ka ga bambancin kaɗan ne a mutum ɗaya, amma asibitin da ke yin gomman allurai a rana in ya yi shekara yana sa lambar da ba ita ba, abin da za a ce ya mayar ba kaɗan ba ne.

Lokaci na farawa ne sa'ad da mai maganin ya fara shirya mara lafiya a ɗakin aikin ko makamancinsa, ya ƙare sa'ad da ya miƙa shi ga masu kula da farfaɗowa. Dubawar da aka yi tun farko a ɗakin jira tana cikin yunit na tushe. Kuma ku kula da lokutan da ke hawa kan juna, a irin asibitocin nan ana shigar da mutane ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai ka ga an rubuta wannan ya ƙare 9:20 na gaba ya fara 9:15 kuma nas ɗaya ce, wannan ba ya yiwuwa, mayar da shi a gyara kafin ka tura.

Haruffan da ake liƙawa a bayan lambar fa, wanne ke fara zuwa?

Na biyan kuɗi ke gaba. AA in likitan maganin barci ne da kansa, QZ in nas ce mai lasisin ba da maganin barci, wato CRNA, ita kaɗai ba likita a kanta, QK ga likitan da ke jagorantar ɗakuna 2 zuwa 4, QY in CRNA ɗaya yake jagoranta, ita kuma nas ɗin ta sa QX, a raba kuɗin rabi da rabi. Bayansu sai QS in MAC ne. G9 na mai tarihin ciwon zuciya ko huhu mai tsanani ne. P1 zuwa P6 na yanayin lafiyar mutum, wasu kamfanoni na ƙara yunit a P3 zuwa P5, Medicare ba ta ƙarawa, haka ma 99100 ta wanda ya haura 70 ko jariri ƙasa da shekara ɗaya.

Lambata daidai, haruffa daidai, amma an ƙi biya da CO-50. Me na yi ba daidai ba?

Mai yiwuwa ba ka yi komai ba, matsalar ta riga ka. CO-50 na nufin ba su ga larurar aikin ba, kuma a gaskiya wannan ita ce tambayar da ta fi ta lamba muhimmanci a allurar baya, ko da yake mutane sun fi son tambayar lamba. Kamfanonin da ke biya a madadin Medicare, irin su Novitas da Noridian da Palmetto, sun fitar da dokokinsu na efidural da na ƙananan gaɓoɓi tun wajen 2021, kuma abin da suka ce kusan ɗaya ne: allurar efidural da ta gaɓoɓi ba kasafai suke buƙatar barci mai zurfi ko MAC ba, kashe zafin fata ya isa, sai a yanayi na musamman da aka rubuta dalilinsa. Sun ɗan sassauta a kan ƙona jijiya. Ita kanta ASA, ƙungiyar masu ba da maganin, ta faɗa a matsayarta cewa yawancin ƙananan allurai na ciwo ba sa buƙatar mai maganin barci.

Kuma ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, ina so ku fahimci wannan don ku daina jin haushin dokar. Mutumin da ke farke in allura ta taɓa jijiya ko ta kusanci laka zai yi ƙara ya ce wani abu ya harbe shi a ƙafa ko hannu, likita ya ja baya, wanda aka yi wa barci mai nauyi ba zai ce komai ba, musamman a wuya inda wurin ya fi ƙunci. Sannan allurar gwaji ta jijiyoyin gaɓa ana yin ta ne don a tambayi mutum zafin ya ragu ko bai ragu ba, in an ɗura masa maganin kashe zafi ta jijiya amsarsa ba ta da amfani.

Ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar Amurka ya fitar da rahoto a 2025 a kan wannan batun daidai, inda ya kiyasta cewa Medicare za ta iya tsimin dala miliyan 17.7 da an sa ido a kan maganin barcin da ake bayarwa a allurar baya. Tunda aka fitar da irin wannan rahoton, ku sa ran neman fayil zai ƙaru.

In ka duba fayil ka ga akwai dalili na gaske, kana da kwana 120 ka nemi Medicare ta sake dubawa, ka haɗa da takardar duba mara lafiya ta kafin aiki.

Mara lafiya ta ce tana tsoron allura sosai, wannan bai isa dalili ba?

Kalma ɗaya ta "tsoro" da aka kwafa a fayil ɗin kowa ba ta isa ba. Abin da ke tsayawa shi ne bayani na wannan mutumin: an taɓa gwadawa ba barci aka kasa gamawa, ko yana da karkarwa irin ta ciwon Fakinsin ba ya iya tsayawa cik, ko ƙaramin yaro ne, ko mai taɓin ƙwaƙwalwa da ba zai bi umarni ba, ko tsoron ya kai na cuta likita ya tabbatar ya rubuta, irin wanda ake ba F40.231. Lambar ciwon bayan, misali M54.16, tana nuna dalilin allura ne, ba ta nuna dalilin barci, shi ya sa ake ƙara ta biyu. Amma fa sai likita ya rubuta cutar, ba kai za ka nemo ta ka liƙa don bil ya wuce ba, wannan ƙarya ce ga gwamnati kuma akwai doka mai tsanani a kanta.

In mace ko namiji na son barcin ne don jin daɗinsa, hanya mai tsafta ita ce a ba shi takardar ABN ya sa hannu kafin a fara, ya san Medicare na iya ƙin biya kuma shi zai biya, kai kuma ka liƙa haruffan GA a bayan lambar. Ba bayan an ba shi magani yana layi ake miƙa masa biro ba.

Allurar baya da aka yi don a yi tiyata, ko ta haihuwa, su ma nan suke?

A'a, wani babi ne. In allurar bayan ita ce maganin da aka yi tiyatar da shi, misali an kashe daga kugu zuwa ƙasa aka canza gwiwa, lambar maganin barcin tiyatar gwiwa kaɗai za ka sa, allurar na cikinta. In kuma barci gaba ɗaya aka yi, sannan likitan tiyata ya nemi a sa efidural don zafin bayan aiki kuma an rubuta buƙatar, ana iya neman ta daban ta hanyar liƙa 59 ko XU a bayan lambarta. Kula da ita a kwanakin da suka biyo baya 01996 ce, sau ɗaya a rana, ba lokaci. Ta naƙuda 01967.

Ɗiban ruwan laka fa? Na ga wani ya sa 00630.

Ɗiban ruwan laka na da tasa lambar, 00635, yunit 4. 00630 mai yunit 8 ce, ta aikin kugu ce wanda ba shi da wata lamba ta kansa, kuma allura tana da nata, don haka ba ta hau ba ko da kalmar kugu ta fito a ciki.

Na gano mun daɗe muna sa lambar da ba daidai ba kuma an biya mu. In yi shiru in gyara daga yau?

Gyara daga yau, amma kar ka yi shiru. Kai wa mai kula da bin doka na ofishinku a rubuce, ka ajiye kwafi. Dokar Medicare ta ce kuɗin da aka gano an biya fiye da ƙima a mayar cikin kwana 60, kuma ba aikinka ba ne kai kaɗai ka yanke nawa ne ko daga yaushe, su da lauyansu za su zauna a kai. In kuma ƙasa da haƙƙinku aka biya, misali kuna ta sa 01991 alhali fayil ya nuna rub da ciki, Medicare na karɓar bil cikin wata 12 daga ranar aikin, kamfanoni masu zaman kansu kuma da yawansu wa'adinsu ya fi wannan gajarta, sai ka fara da nasu.